Tsintsiyar Ƙwaƙwalwa: Sharhi Kan Labarin Nefirilaisin, Buguwar Kai da Ciwon Mantuwa

Akwai wata gajeriyar maƙala da ta fito a shekarar 2009 a mujallar Journal of Neurotrauma, ita nake so mu tsefe ni da kai a yau. Na fara cin karo da ita a zaman karanta maƙaloli da muke yi a sashenmu, kuma ranar na fito ina ta yabonta. Sai da na sake karanta ta, na bi sawun binciken da aka yi kafinta da wanda ya biyo bayanta, sannan jikina ya yi sanyi. Aikin na ƙwararru ne, babu wanda zai ce an yi ƙarya a ciki. Inda na tsaya shi ne ƙarshenta, wurin da marubutan suka ce abin da suka gano zai iya zama gwajin gado ga mutanen da aikinsu ke jawo musu buguwar kai, irin su sojoji da 'yan wasannin da ake karo da juna.

Ka ɗan auna abin da wannan ke nufi idan ya iso garinmu. A ɗebi jinin 'yan dambe biyu, a ce wa ɗaya ya ci gaba, ƙwaƙwalwarsa tana iya share dattinta, a ce wa ɗayan ya kwance zaren hannunsa ya nemi wata sana'a. Magana ce mai nauyi, kuma kafin a yarda da ita dole a duba ginshiƙin da aka ɗora ta a kai.

Dattin da ake sharewa

A jikin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwarka akwai wani dogon furotin da ake kira APP. Wasu sinadarai biyu suna datsa shi a wurare biyu, sai wani ɗan guntu ya fita, mai tubala 40 ko 42. Wannan guntu shi ne amiloyid-bita. Ba alamar cuta ba ce a samar da shi. Ni da kai muna samar da shi yanzun nan da kake karanta wannan. Halinsa ɗaya ne: yana da danƙo, musamman mai tubala 42. Idan ya yi yawa sai guntayen su riƙa manne wa juna, biyu, uku, goma, har su zama dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan dunƙulen Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. A 1984 George Glenner da Caine Wong suka gano furotin ɗin da ke ciki, a 1992 kuma John Hardy da Gerald Higgins suka rubuta ra'ayin da ya mamaye fagen shekara talatin: cewa taruwar amiloyid ce tubalin farko na cutar Alzaima, sauran ɓarnar duk bayansa take biyowa.

To, tunda kowa na samar da shi, me ya hana ya cika mana kai? Ana kwashe shi. Wani yana fita ta bangon jijiyoyin jini, wani ruwan ƙwaƙwalwa ke tafiya da shi, wani kuma a nan take ake daddatsa shi. Masu daddatsawar su ne enzayim, wato furotin masu aiki kamar almakashi. Suna da yawa. Akwai wanda asalin aikinsa lalata insulin ne, ana kiransa IDE. Akwai ACE, wanda wasu magungunan hawan jini ke toshewa. Amma wanda ya fi suna shi ne nefirilaisin.

An fara samo nefirilaisin a ƙodar zomo tun 1974, ba wanda ya haɗa shi da mantuwa. Sai a 2000 Takaomi Saido da abokan aikinsa a cibiyar RIKEN ta Japan suka yi wani gwaji mai kyau. Suka zuba amiloyid mai alama a ƙwaƙwalwar ɓera suka bi yadda yake ɓacewa, sannan suka riƙa toshe almakasan ɗaya bayan ɗaya. Da suka toshe nefirilaisin sai amiloyid ya daina ɓacewa, ya fara taruwa. A 2001 suka nuna cewa ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon nefirilaisin amiloyid ɗinsu ya fi yawa. A 2003 ɗakin binciken Dennis Selkoe a Harvard ya juya gwajin: aka ƙara wa ɓeraye nefirilaisin ko IDE, dunƙulen suka ragu ƙwarai. A ɗan Adam ma an sami abin da ya yi daidai da haka. A 2010 tawagar Randall Bateman a St. Louis ta Amurka ta auna mutum 12 masu Alzaima da 12 masu lafiya, ta ga cewa yawan amiloyid da suke samarwa kusan ɗaya ne, amma masu cutar saurin kwashewarsu ya ragu da kimanin kashi 30 cikin 100.

Ka ga labari ya tashi. Gida ɗaya, datti ɗaya, tsintsiya ce ta tsufa.

Ina buguwar kai ta shigo?

Kowace ƙwayar jijiya tana da wata doguwar igiya da take aika saƙo ta cikinta, ana ce mata akzon. A cikin igiyar nan kaya suna ta kai-kawo, har da APP. Idan mutum ya faɗo daga babur kansa ya bugi kwalta, ƙwaƙwalwa tana girgiza ta murɗe a cikin ƙoƙon kai, igiyoyin su miƙe fiye da ƙima, hanyar cikinsu ta toshe. Cikin 'yan sa'o'i APP ya taru a wurin da ya kumbura, tare da sinadaran da ke datsa shi. Kaya da almakashi sun haɗu a lungu ɗaya, sai amiloyid ya yi ta fita.

A 1994 Gareth Roberts da abokansa suka duba ƙwaƙwalwar mutum 152 da suka rasu bayan mummunar buguwar kai, suka sami dunƙulen amiloyid a kimanin kashi 30 cikin 100, har da matasa waɗanda ba su kai shekarun wannan abu ba. A ɗaya ɓangaren kuma ƙididdiga ta nuna haɗarin gaskiya ne. Wani bincike da aka yi a Denmark kan mutane kusan miliyan 2.8, wanda ya fito a 2018, ya sami cewa wanda ya taɓa samun rauni a ƙwaƙwalwa haɗarin ciwon mantuwa gare shi ya fi na sauran da kashi 24 cikin 100. A 2020 kwamitin mujallar Lancet ya sa raunin kai cikin abubuwan da, in an kiyaye su, za a rage ciwon mantuwa.

Tambayar da ta rage ita ce: me ya sa kashi 30 kawai? A nan maƙalarmu ta 2009 ta shigo. Victoria Johnson da Douglas Smith na Jami'ar Pennsylvania, tare da William Stewart da David Graham na Glasgow, suka ce wataƙila bambancin yana tsintsiya. A kusa da ƙwayar gadon nefirilaisin akwai wani wuri da haruffan DNA biyu, G da T, ke maimaita kansu: GTGTGT, haka dai. Yawan maimaicin ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma kowa yana da kwafi biyu, na uwa da na uba. Suka ƙirga maimaicin a mutum 81 da suka rasu jim kaɗan bayan rauni. Waɗanda jimillarsu ta haura 41, yiwuwar samun dunƙule a ƙwaƙwalwarsu ta kai wajen ninki goma a lissafin masu ƙididdiga.

Tambayar ta yi kyau, kuma samfuran ba abin rainawa ba ne. Tarin ƙwaƙwalen Glasgow yana daga cikin kaɗan irinsa a duniya. Amma bari mu bi a hankali.

Inda gizo ke saƙar

Fara da lamba. Mutum 81 ne. In ka ɗauki kashi 30 nasu, masu dunƙule ba za su kai 30 ba. Sannan maimaicin yana zuwa da tsawo iri-iri, wato akwai wurare da yawa da za ka iya ja layi: 40, 41, 42, ko ka ɗauki kowane tsawo shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta da ƙananan bayanai ya san cewa in ka ja layi sau da yawa, wani zai ba ka sakamako mai ƙyalli. Wannan ba laifin waɗannan marubuta kaɗai ba ne, ciwon zamaninsu ne. A shekarun nan an yi ta buga bincike irin wannan, a zaɓi ƙwayar gado ɗaya da ake zargi, a gwada a mutane ɗari ko ɗari biyu, a sami dangantaka mai girma. Da aka zo aka sake gwadawa da dubban ɗaruruwan mutane, akasarinsu suka narke. Misali sananne shi ne ƙwayoyin gado 18 da aka daɗe ana dangantawa da ciwon damuwa, waɗanda wani babban bincike na 2019 ya kasa samun hujjarsu.

Don in yi adalci, nefirilaisin bai narke gaba ɗaya ba. A babban binciken gado na 2022 da ya fito a Nature Genetics, mai mutane sama da 780,000, an lissafa wurare 75 a DNA masu alaƙa da Alzaima, kuma yankin ƙwayar gadon nefirilaisin, wadda ake kira MME, yana ciki. Sai dai tasirin ƙarami ne ƙwarai, tsakaninsa da ninki goma tafiya ce mai nisa. Irin tasirin da ke gaya wa mai bincike cewa akwai abin dubawa a nan ne. Bai isa a gaya wa mutum ɗaya makomarsa da shi ba.

Abu na biyu ya fi damuna. Me aka auna? Dunƙule a ƙwaƙwalwar mamaci. Ba a auna mantuwa ba, kuma ba yadda za a yi a auna, domin babu ɗaya daga cikin mutanen 81 da ya rayu har a gwada tunaninsa bayan shekara ashirin. Dunƙulen da ake gani bayan rauni ma galibi masu laushi ne, a warwatse, ba irin masu taurin ciki da ke kewaye da lalatattun jijiyoyi a cikakkiyar Alzaima ba. Abin mamaki, a wannan shekara ta 2009 ɗakin binciken Smith ɗin ya buga wata maƙala a Brain Pathology da ta nuna cewa waɗanda suka rayu watanni zuwa shekara uku bayan rauni kusan babu dunƙule a ƙwaƙwalwarsu, duk da amiloyid yana nan yana taruwa a cikin igiyoyin, kuma nefirilaisin ya taru a wurin. Sun fassara wannan da cewa tsintsiya ta yi aikinta. Mai yiwuwa ne. Amma wanda ya rasu da wanda ya rayu ba mutum ɗaya ba ne da aka duba sau biyu. Ƙila waɗanda suka rayu tun farko ba su yi dunƙulen ba. Sai kuma a 2012 suka duba mutum 39 da suka rayu shekara 1 zuwa 47 bayan rauni guda, suka tarar da dunƙule masu yawa fiye da na sa'o'insu. Ya zo, ya tafi, ya dawo? Hotuna uku ne na mutane daban-daban aka jera aka ce fim ne.

Kuma matakin tsakiya babu shi. An haɗa tsawon maimaici da dunƙule, amma cewa dogon maimaici yana rage yawan nefirilaisin a ƙwaƙwalwar waɗannan mutane, zato ne. Ko maganar cewa nefirilaisin yana raguwa a Alzaima ba a gama daidaitawa a kanta ba. Wasu sun sami raguwa. Tawagar Seth Love a Bristol ta Ingila kuwa, a 2009, ta sami akasin haka: nefirilaisin da IDE suna ƙaruwa yayin da cutar ke tsananta. In haka ne, tsintsiyar ba ta tsufa ba, datti ne ya fi ƙarfinta, ita kuma tana ta ƙoƙari.

Gwaje-gwaje uku da ba a cika ambata ba

In labarin tsintsiya gaskiya ne yadda ake ba da shi, to ƙara tsintsiya ya kamata ya ceci tunani. A 2009 ɗakin binciken Lennart Mucke a San Francisco ya gwada. Suka ƙara nefirilaisin a ɓerayen da aka ƙera su yi amiloyid irin na mutum. Dunƙule suka ƙi fitowa, madalla. Amma da aka sa ɓerayen gwajin tuna hanya a cikin ruwa, ba su fi 'yan'uwansu da ba a ƙara wa komai ba. Bayanin da aka bayar shi ne nefirilaisin yana da ɗan ƙaramin baki, guntu ɗaya-ɗaya yake iya haɗiyewa, ƙananan curin da suka riga suka manne suna yawo kuwa suna tsere masa. Kamar unguwar da aka kwashe jujinta ne tas, amma ledoji na nan suna yawo a iska, su ne kuma akuya ke ci ta mutu. Gaskiya ta sa in ƙara cewa ɗaya daga cikin nau'in curin da suka auna ya samo sunansa ne daga wata maƙalar Nature ta 2006 da aka janye a 2024 saboda an taɓa hotunanta. Wannan ya raunana bayanin. Bai taɓa abin da aka gani a ruwa ba: ƙwaƙwalwa ta yi fes, ɓera bai tuna hanya ba.

Gwaji na biyu halitta ce ta yi shi. A 2016 masu bincike a Kagoshima ta Japan suka bayyana mutum 10 da aka haifa kwafin MME ɗinsu biyu duk a lalace. Bisa labarin tsintsiya, waɗannan ya kamata su fi kowa saurin ruɗewa. Abin da ya kai su asibiti kuwa ciwon jijiyoyin ƙafa da hannu ne da ya taso musu a manyance. Ba a sami alamar ciwon mantuwa a tare da su ba. Mutum 10 ba yawa ba ne, na yarda, kuma ban manta na gama kushe 81 ba. Amma a nan ba layi aka ja ba, almakashin ne gaba ɗaya babu, kuma da alama sauran almakasai sun rufe gurbinsa.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mutane kai tsaye. Nefirilaisin ba amiloyid kaɗai yake datsawa ba. Yana lalata wasu sinadarai da ke taimaka wa jiki fitar da gishiri da ruwa. Shi ya sa aka ƙera maganin ciwon zuciya da ke toshe shi da gangan, sakubitiril haɗe da balsatan, wanda ake sayarwa da sunan Entresto. A gwajin PARADIGM-HF na 2014, mai mutane sama da 8,000, ya rage mutuwa ta dalilin zuciya da kwanciya asibiti da kimanin kashi 20 cikin 100 a kan tsohon magani, aka amince da shi a Amurka a 2015. Nan take masu binciken ƙwaƙwalwa suka ɗaga murya, kuma suna da hujja: kuna gyara zuciya kuna karya tsintsiya? Aka yi gwaji na musamman, PERSPECTIVE, da mutum 592 na tsawon shekara uku, aka bayyana sakamakon a 2022. Ba a ga bambanci a tunani ba, hoton ƙwaƙwalwa kuma bai nuna ƙarin amiloyid ba. Shekara uku kaɗan ce ga cutar da ke ɗaukar shekara ashirin tana ginuwa, kuma maganin kaɗan ne daga cikinsa ke ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa. Duk da haka, in kana da dattijo a gida da likita ya ɗora shi a kan wannan magani, kada wani rubutu na intanet ya sa ku ajiye shi. Amfaninsa an auna shi a mutane, tsoron kuwa daga ɓera aka kawo shi.

Ko sababbin alluran da ke kwashe amiloyid da ƙarfi, waɗanda sojojin garkuwar jiki ne ba enzayim ba, sun koya mana tawali'u. Lekanemab, a gwajin mutum 1,795 na wata 18, ya share amiloyid sosai, amma bambancin da ya kawo a ma'aunin tunani mai maki 18 bai kai rabin maki ba, 0.45. An ce ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100, kuma hakan gaskiya ne. Lamba ɗaya ce aka faɗa ta fuska biyu. Amiloyid yana da hannu a cutar, wannan ya tabbata. Girman hannun ne bai kai yadda aka yi ta faɗa ba.

Mu koma kan ɗan dambenmu. Ciwon da ke kama masu shan naushi a kai shekara da shekaru, wanda Harrison Martland ya bayyana a 'yan damben Amurka tun 1928, babbar alamarsa wani furotin ne daban mai suna tau. Amiloyid a kusan rabin masu ciwon kawai ake samunsa. Ke nan ko da gwajin GT ya yi aiki ɗari bisa ɗari, zai iya wanke mutum daga haɗarin da ba shi ne babba a kansa ba, ya mayar da shi fage da ƙarfin gwiwar ƙarya. Wannan ya fi rashin gwajin muni.

Sannan DNA ɗin wa aka ƙirga? Na mutanen Scotland. Babban binciken 2022 ma na zuriyar Turawa ne. Mu a Najeriya muna da dalilin yin taka-tsantsan da wannan, domin aikin haɗin gwiwa na Indianapolis da Ibadan, wanda Hugh Hendrie da Adesola Ogunniyi suka yi shekaru suna gudanarwa, ya nuna cewa APOE4, ƙwayar gadon da ta fi kowace ƙarfi wajen jawo Alzaimar tsufa a Turawa, tasirinta a tsofaffin Yarabawan Ibadan ya yi rauni sosai. In babbar yaya ta canja hali da ta ƙetare teku, ina ga ƙanwa da aka gani sau ɗaya a mutum 81?

Akwai wani bincike da nake yawan komawa gare shi in na ji ana maganar ƙara wa mai raunin kai tsintsiya. A 2008 David Brody na St. Louis da likitocin Milan na Italiya suka sa wani siririn bututu a ƙwaƙwalwar marasa lafiya 18 da ke ɗakin kulawa ta musamman, wasu buguwar kai ce ta kawo su, wasu fashewar jijiyar jini. Suka riƙa auna amiloyid da ke cikin ruwan tsakanin ƙwayoyi sa'a bayan sa'a. Kowa zai zaci wanda jikinsa ya fi tsanani shi zai fi amiloyid. Sai aka ga in mara lafiya ya fara farfaɗowa amiloyid ɗinsa yana hawa, in jikinsa ya rikice sai ya sauka. Dalilin da ya fi kusa shi ne ƙwayoyin jijiya suna fitar da amiloyid ne in suna aiki, in sun yi shiru shi ma ya yi shiru. A kan wancan gadon asibiti, abin da muke ta kira datti shi ne ke hawa a daidai sa'o'in da mutum ya fara buɗe ido yana amsa kira.